An Ci Moriyar Ganga, An Yar da Kwaurenta: Haƙƙin Tsofaffin Sojoji a Kanmu

Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara, a Birnin Kebbi kamar sauran manyan biranen jihohi, akan taru domin tunawa da 'yan mazan jiya. A busa begila, a yi shiru na minti guda, manya su fito ɗaya bayan ɗaya su ajiye furanni, a harba bindiga sama, a saki fararen tantabaru. Tun kafin ranar an ƙaddamar da tambarin tunawa, an yi alkawarin gudummawa, an yi addu'a a masallatan Juma'a da majami'u. Kafin azahar taro ya watse, an naɗe rumfuna, an kwashe kujeru. Tsofaffin da aka jera a gefen fili cikin kakin da ya koɗe sai kowa ya nemi abin hawan da zai maida shi gida, wani Kalgo, wani Jega, wani Argungu, wani can Zuru. Sai kuma baɗi, ga mai rabon gani.

Mu malaman makaranta ba mu da ja da wannan biki. An zaɓi ranar ne domin a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma al'ummar da ba ta tsayawa ta tuna da waɗanda suka mutu dominta ba ta cancanci a mutu dominta ba. Jayayyarmu tana ga yadda aka maida bikin ya tsaya a madadin biyan bashi. Mamaci ba ya neman fansho, ba ya neman magani, ba ya tare ƙofar ma'aikata, shi ya sa girmama shi ke da sauƙi da arha. Mai rai kuwa yana da ciki, yana da iyali, yana da ciwo, yana da takardun da ya shekara yana yawo da su cikin leda. Nan ne girmamawar ke da tsada, kuma nan ne hukuma da jama'a suka ja da baya.

Wani zai tambaya, me ya haɗa ƙungiyar malamai da maganar soja? Abubuwa uku ne suka haɗa mu. Na farko, 'ya'yan waɗannan mutane da jikokinsu suna zaune a azuzuwanmu, mu ne ke kiran sunayensu a rajista kowace safiya, mu ne kuma ke fara lura idan yaro ya daina zuwa. Na biyu, mun san layin tantancewa. Mun ga malaman da suka koyar da mu suna tsaye cikin rana da fayil a hannu, suna ƙoƙarin tabbatar wa yaron da suka koya wa baƙi da wasali cewa har yanzu suna numfashi. Wanda aka shekara da shekaru ana gaya wa wai sakamakonsa sai a lahira, ba ya buƙatar tafinta idan ya ji ana gaya wa soja cewa ƙasa ba za ta manta da shi ba. Na uku, tun daga ranar 17 ga Yuni 2021 da aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri aka kwashe ɗalibai da malamai, har zuwa ranar 17 ga Nuwamba 2025 da aka kai hari makarantar 'yan mata ta Maga, aka sace ɗalibai 25, aka kashe abokin aikinmu mataimakin shugaban makarantar, babu malami a jihar nan da bai san cewa alli da allo ba sa aiki sai da mai gadi a bayansu ba. Wanda zai tsaya gadin makaranta yau yana kallon yadda aka yi da wanda ya tsaya jiya.

Wannan ƙasa tamu ba baƙuwar mayaƙa ba ce. Duk yaron da ke Argungu ya san sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya tsaya wa rundunar Songhai, ya gina Surame. Muna kai ɗalibai gidan tarihi na Kanta su ga masu da takubba da tambura, su dawo suna alfahari. Muna gaya musu cewa shigowar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934, wadda bikin kamun kifi ya samo martabarsa daga gare ta, alama ce ta rufe doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Duk wannan daidai ne. Sai dai abin mamaki, mun fi sanin mayaƙin da ya mutu fiye da shekaru 400 da suka wuce a kan wanda ke zaune a bakin kasuwa yana sayar da goro da hannu ɗaya. Takobin da ke cikin gilashi ana share masa ƙura, mutumin da ya riƙe bindiga a madadinmu kuwa babu ko wanda ya rubuta sunansa.

Rashin cika wa soja alkawari tsohuwar cuta ce, kuma mun gaje ta daga Turawa. Rundunar sojan Nijeriya tana danganta asalinta da ɗan ƙaramin ayarin da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara a 1863, wanda aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, aka ɗebi dubban samari daga Arewa, aka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tsallaka da su teku zuwa Indiya, daga can zuwa dazuzzukan Bama. Sun yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suna ɗauke da kayan yaƙi a ka inda mota ba ta shiga, kuma su ne suka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Har yau akwai barikoki a Legas masu ɗauke da sunayen Arakan da Myohaung. Malam Sa'adu Zungur, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya tarbe su da waƙarsa ta Maraba da Soja. To, amma bayan maraba fa? Takardun gwamnatin Ingila da aka bankaɗo daga baya sun nuna cewa kuɗin sallamar baƙar fata bai kai na farar fata ba ko kusa, ko da muƙaminsu ɗaya ne. Da yawa sun komo ƙauyukansu da tabo a jiki da firgici a zuci, jama'a kuma suka riƙa yi musu kallon masu taɓin hankali.

Waɗanda suka nemi haƙƙinsu da ƙarfi sun gamu da abin da ya fi mantuwa muni. A Thiaroye ta ƙasar Senegal, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi suka nemi a biya su bashin albashinsu, aka buɗe musu wuta, kuma sai bayan shekaru 80 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa, wato kisan kiyashi. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna da takardar koke, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta samun 'yancin ƙasar Ghana. Maƙwabtanmu na tsallaken iyaka, 'yan uwanmu na Dosso da Dogon Dutsi, sun san wani salon zaluncin: a 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin da ta ɗiba daga ƙasashen da ta mallaka, ya tsaya cik yayin da na Faransawa ke hauhawa, ba a warware matsalar ba sai bayan kusan rabin ƙarni, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga sun kwanta dama. Mun daɗe muna zagin 'yan mulkin mallaka a kan irin wannan, kuma sun cancanci zagin. Tambayar ita ce, da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, me ya canza?

Kafin yaƙin basasa sojan Nijeriya bai wuce kimanin 10,000 ba. Zuwa 1970 ya kai kimanin 250,000. Daga ina aka samo wannan ɗimbin jama'a? Daga gonaki da kasuwanni da ƙauyuka irin namu, ciki har da ƙasar Zuru, wadda kusan kowane gida a cikinta yana da ɗan kaki. Da aka gama yaƙi aka ga rundunar ta yi yawa, sai aka shiga rage ta. Har a 'yan shekarun nan ana ganin tsofaffi masu furfura suna fitowa zanga-zanga suna cewa sun yi yaƙin basasa amma ba su taɓa karɓar fansho ba. Bayansu ga waɗanda aka kai Laberiya daga 1990 ƙarƙashin rundunar ECOMOG, ga na Saliyo, ga na Darfur. Bayansu kuma ga waɗanda suka shafe shekaru a Borno da Yobe tun daga 2009. Yanzu yaƙin ya iso ƙofar gida. A watan Maris na 2022, a Kanya cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, 'yan bindiga sun kashe sojoji fiye da 10 a rana ɗaya. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka far wa garin Mera a ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan fagage yana maido mana da gawawwaki da masu raunuka da marayu, kuma ba mu ga an tanadi wurin karɓarsu ba.

A nan dole a bambanta, domin kalmar tsohon soja tana ɓoye rata mai faɗi. Jihar Kebbi ta haifi manyan hafsoshi. Mai Martaba Sarkin Gwandu, Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar, Manjo Janar ne mai ritaya. Haka marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya riƙe shugabancin sojan ƙasa. Kanar Samaila Yombe Dabai ya yi mataimakin gwamna shekaru 8. Muna alfahari da su, kuma ba su ne abin damuwarmu ba. Maganarmu a kan kurtu ce da kofur da saje, waɗanda janar ba ya zama janar sai da su, waɗanda suka shiga aiki da takardar firamare ko ta sakandare, suka fito bayan shekaru masu yawa ba su da gida, ba su da sana'a, ba su da wanda za su buga wa waya a Abuja. Jihar da janarori suka hau gadon sarauta a cikinta ita ce ta fi kowace rashin uzuri idan kofur ɗinta ya tsufa yana bara.

Mu ɗauki maganar kuɗi tukuna. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 173, ya hana a riƙe wa ma'aikacin tarayya fanshonsa ko a canza shi ta hanyar da za ta cuce shi, ya kuma wajabta a sake duba fansho duk bayan shekaru 5, ko kuma duk lokacin da aka yi ƙarin albashi. Sashe na 210 ya faɗi irin wannan game da ma'aikatan jiha, wato mu ke nan. Ashe dokar da ke kare fanshon soja tagwaye ce da wadda ke kare namu, kuma hannun da ya saba taka ɗaya ba zai ji nauyin taka ɗayar ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 farashin hatsi da magani da mota ya yi tashin gwauron zabi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024. Amma sai da tsofaffin sojoji suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi ta tarayya a Abuja, a ƙarshen 2024 da farkon 2025, suna neman ƙarin da doka ta riga ta ba su da ariyas ɗinsa. Cikin abin da suka daɗe suna kuka a kai har da wani alawus da aka tsara musamman domin kada tsohon soja ya sayar da ƙwarewarsa ga maƙiyan ƙasa. A duba wannan da kyau. Gwamnati da kanta ta yarda cewa mutumin da aka koya wa sarrafa makami, aka sallame shi da yunwa, haɗari ne, ta yanka kuɗin kare wannan haɗari, sa'an nan ta bari sai an yi zanga-zanga kafin ta biya. A yankin da 'yan bindiga ke neman wanda zai koya musu harbi ruwa a jallo, wannan sakaci wasa da wuta ne a bakin rumbu.

Sai maganar lafiya. Raunin da ido ke gani, kamar yankakkiyar ƙafa ko makantar ido, aƙalla yana jawo tausayi. Akwai wani raunin da ba a gani. Mutum ya dawo ba ya barci, ƙarar tayar babur ta sa shi ya faɗi ƙasa, ya yi fushi ba dalili, ya daina shiga mutane, wani ya koma neman sauƙi a wurin ƙwaya. Likitoci sun san wannan ciwo na firgicin bayan yaƙi, kuma yana da magani. Mu kuwa a unguwa sai mu ce ai aljanun daji ne ya kwaso, ko mu ce dama soja ba shi da hankali, mu ja yaranmu gefe. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da mu yana Kware, a jihar Sakkwato. Ko an ce akwai inshorar lafiya ta tsofaffin sojoji, wa zai biya kuɗin motar zuwa da dawowa duk wata? Wa zai raka shi? Wa zai fara shawo kansa ya yarda cewa ciwo ne ba rashin jarumta ba? Mu malamai muna ganin inuwar wannan ciwo a cikin aji: yaron da ke zabura idan aka ɗaga murya, yarinyar da ke gyangyaɗi domin daren jiya ba a yi barci a gidansu ba.

Na uku su ne matan mamata da marayu. Soja ya faɗi a fagen fama, a kawo saƙo, a yi zaman makoki. Ba da jimawa ba a buƙaci ɗakin bariki, domin akwai wani mai jiran shiga. Matar ta kwashi yara ta koma garinsu ko garin mijin, ta shiga bin takardun magaji daga wannan ofis zuwa wancan, wataƙila ba ta iya karatun boko ba, wataƙila dangin miji sun riga ta zuwa. Rundunar soja tana da tsarin tallafa wa karatun 'ya'yan waɗanda suka mutu a bakin aiki, amma tsarin da mai haƙƙi bai san da shi ba, ko bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, daidai yake da babu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole ne tun daga firamare har ƙaramar sakandare. Mu da ke cikin aji mun san kyautar ba ta haɗa da kayan makaranta da takalmi da littafin rubutu da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da kuɗin tara ba. A kan waɗannan 'yan kuɗi ne ɗan wanda ya mutu yana tsare mu ke barin aji ya koma tura baro a kasuwa.

Mun san amsoshin da akan bayar, kuma ba mu ga wadda ta tsaya da ƙafafunta ba. Ta farko ita ce, soja aikin tarayya ne, jiha ba ta da hurumi. Fansho na tarayya ne, gaskiya. Amma makarantar da marayan ke zuwa ta wa ce? Asibitin garinsu na wa ne? Filin noma a fadamar Rima, da taki, da injin ban-ruwa, da rancen noman shinkafa, a hannun wa rabonsu yake? Gwamnatin da ke da hurumin ajiye furanni tana da hurumin ajiye sunan maraya a jerin masu samun tallafin karatu.

Ta biyu ita ce, ai aiki suka yi aka biya su, kamar kowa. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa sanin bambancin aikin da ake komowa gida da yamma da wanda ake barin wasiyya kafin a tafi ba. Kuma ko a kan wannan ma'auni, ai cewa muke yi a biya su. Fansho albashi ne da aka jinkirta, ba sadaka ba ce.

Ta uku ta fi nauyi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Akwai masu cewa soja sun mulke mu da bulala shekara da shekaru, sun rusa ƙungiyoyin ƙwadago, wasunsu har yau suna cin zarafin talaka a shingen hanya, don me za mu yi musu kuka? 'Yan ƙwadago ba su manta da mulkin soja ba, kuma ba mu ce a manta ba. Ko a kan harin Maga, gwamnan jiha da kansa ya fito fili ya nemi a binciki dalilin janye sojojin da ke gadin makarantar jim kaɗan kafin maharan su iso, kuma muna tare da wannan tambaya har sai an amsa ta. Amma kofur ɗin da ya rasa ƙafa a Laberiya ba shi ne ya karanta jawabin juyin mulki a rediyo ba, kuma marayan da ke aji uku bai taɓa tsayawa a shinge ba. Wanda ya yi laifi a hukunta shi da sunansa, wanda ya yi hidima a biya shi da sunansa. Cakuɗa su wuri ɗaya yana amfanar mutum biyu kawai: mai laifin da zai ɓuya cikin taro, da mai riƙe da kuɗin da ba ya son saki.

Addininmu ma bai bar wannan al'amari ga tausayin masu tausayi ba. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mayaƙa da iyalansu, aka yanka wa kowa rabonsa daga baitulmali. Abin lura a nan shi ne rubutawa. Haƙƙin da ba a rubuta ba yana mutuwa tare da mai shi. Ƙasar da Malam Abdullahi na Gwandu ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan haƙƙin talakawa a wuyan shugabanni ba ta da hujjar jahiltar wannan.

Saboda haka muna kira ga Mai Girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, wanda kafin hawansa mulki ya shugabanci ƙungiyarmu ta NUT a matakin ƙasa, kuma ya san zafin ariyas da garatuti ba sai an ba shi labari ba. Buƙatunmu ba su fi ƙarfin jiha ba.

A buɗe rajista a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 21 da muke da su, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar tsofaffin sojoji da masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, a rubuta kowane tsohon soja mai rai, da kowace matar mamaci, da kowane maraya da shekarunsa da makarantarsa. A yafe wa waɗannan yara duk wani kuɗi da ake karɓa a makarantun jiha, a ba su kayan makaranta da littattafai, a ware musu gurbi a tallafin karatun gaba da sakandare. A ajiye tebur guda a Birnin Kebbi da ma'aikaci mai sanin kan takardu, wanda aikinsa shi ne bin fayilolin fansho da na magada zuwa hukumar fansho ta soja a Abuja, domin kada tsoho ɗan shekara 80 ya yi tafiyar yini guda saboda an rubuta sunansa ba daidai ba. A samar da likitan ƙwaƙwalwa da zai riƙa zagayawa manyan asibitocin Birnin Kebbi da Argungu da Zuru a ranakun da kowa ya sani. A riƙa buga lissafin kuɗin tambarin tunawa duk shekara: nawa aka yi alkawari a gaban kyamara, nawa ya shigo, wa ya samu. Idan kuma za a ɗauki tsofaffin sojoji masu sauran ƙarfi aikin gadin makarantu, muna maraba, da sharaɗin a yi shi da takardar ɗaukar aiki da albashi mai mutunci da kayan aiki, kada a ci moriyarsu karo na biyu. Kada kuma a manta da 'yan sa-kai, waɗanda fiye da 50 daga cikinsu suka mutu a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba cikin Maris ɗin 2022, ba su da lambar aiki balle fansho, iyalansu kuma suna nan.

Akwai kuma abin da ke hannunmu, wanda ba ya jiran sa hannun kowa. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun wajen 2009, aka yi fiye da shekaru 10 ana yaye yaran da ba su san Bama ba, ba su san abin da ya faru tsakanin 1967 da 1970 ba. Yanzu da darasin ya dawo, kada mu cika shi da jerin sunayen gwamnoni kawai. Kowace makaranta a reshen nan tana da tsohon soja a tazarar tafiyar ƙafa. A gayyace shi, a ba shi kujera a gaban aji, a ce, Baba, ba mu labari. Ɗalibai su rubuta abin da ya faɗa da Hausa, a ɗauki muryarsa a waya idan ya yarda, a adana a ɗakin karatu. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun tafi da labarinsu cikin kabari. Waɗanda suka yi yaƙin basasa mafi ƙanƙantarsu ya haura 70. Lokacin da ya rage kaɗan ne.

Haka nan kowane shugaban makaranta ya san marayun soja da ke cikin rajistarsa, ya miƙa sunayensu ga sakataren reshe kafin ƙarshen wannan zango, domin idan muka je gaban hukuma mu je da takarda a hannu. Malamin da ya iya cika fom ya taimaki matar mamacin da ke unguwarsu, ya karanta mata abin da aka rubuta kafin ta dangwala yatsa. Idan kuma tsofaffin sojoji suka fito neman haƙƙinsu cikin lumana, ƙungiyoyin ƙwadago su tsaya kusa da su, domin in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

'Yan uwa malamai, cikin yaran da ke gabanmu yau akwai waɗanda baɗi ko baɗin baɗaɗa za su cika fom ɗin shiga soja, mu ne kuma za mu sa hannu a takardar shaidar halinsu. Muna koya musu kishin ƙasa kowace safiya a wurin taro. Ya wajaba mu iya duban idonsu mu gaya musu abin da ƙasar za ta yi musu idan sun dawo da ƙafa ɗaya, da abin da za ta yi wa 'ya'yansu idan ba su dawo ba. Za mu kai waɗannan buƙatu gaban majalisar jiha ta ƙungiyarmu a zamanta na gaba, kuma za mu sanar da ku amsar da muka samu a fitowa ta gaba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba masu raunuka lafiya, Ya raya marayu, Ya kawo mana zaman lafiya a jihar Kebbi da ƙasa baki ɗaya.